Akori-kurar Baba Ta Ƙi Tashi

Ranar Talatar da Inna ta fita takaba, Yaya ya tsaya a ƙofar gida ya dubi akori-kurar Baba, ya ce idan ba ta tashi ba kafin Juma'a, 'yan gwangwan zai kira su yanka ta. Ban ga laifinsa sosai ba. Wata huɗu da kwana goma tana tsaye a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji sun mai da bayanta wurin kwana, ga shi ta tare rabin hanya. Duk da haka raina ya ɓaci. A bayan motar nan aka fara kai ni makaranta, kuma duk buhun geron da muka ci a gidan nan ita ta ɗauko shi daga gonarmu ta Darki. Na ce ya ba ni kwana biyun. Ya ce, "Kai da ɗinki ka iya, me ka sani a mota?" Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta yi mini zafi.

Washegari na kai batir aka yi caji, na sa aka hura tayoyi, na zuba sabon mai. Sannan na je bakin gada na ɗauko riwaya, mai gyaran wayar mota, wani dattijo da ya san Baba tun suna samari. Yana buɗe bonet sai ya yi dariya har da riƙe ƙugu. Baba bai taɓa yarda wani ya taɓa masa waya ba. Duk wadda ta tsinke, da abin da ya samu a gida yake haɗa ta: wayar fitilar ɗaki, wayar tsohuwar rediyo, ya naɗe da salatef, in babu salatef ya ɗaure da leda. Sai ka bi jar waya, ka ga ta koma fara a tsakiya, ta fita baƙa a ƙarshe.

Dattijon ya kankare kan batir, ya canza fis biyu, ya ce in murza makulli. Injin ya yi ta juyawa, bai kama ba. Ya cire filogi ɗaya ya kwantar a jikin injin, na sake murzawa, ko ƙyas babu. Ya ce wuta ba ta zuwa kwayil, ita ce ke ba filogi tartsatsi. Na ce to ya ja sabuwar waya daga batir kai tsaye mana. Ya girgiza kai, ya ce da waɗannan tsirarun wayoyin ba zai zama sanadin gobara a ƙofar gidan amininsa ba. Sai dai a yaye su duka a sake, aikin mako guda ne, shi kuma motocin kasuwar Juma'a na jiransa. Da zai tafi ya bar mini ƙwan fitila mai waya biyu. Ya ce in danna ɗaya a jikin ƙarfen mota, in riƙa taɓa inda nake zargi da ɗayar. In ƙwan ya kama, akwai wuta.

Ranar Alhamis ban buɗe shago ba. Tun da hantsi na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, ƙura na zubo mini a ido. A bayan makulli ƙwan ya kama. Na bi wayar taƙi ɗaya, ya kama. Na fita na taɓa kan kwayil, shiru. Ke nan tsakanin nan da can wutar take ɓacewa. Na yi ta bi har wayar ta sauka ta shige ƙarƙashin ledar ƙasa, wadda tsatsa da tsohuwar laka suka manne da ƙarfe. Na ce shi ke nan, ɓera ne ya gwaguye ta a inda hannu ba ya kai. Na ja, ledar ta yage a hannuna, na buga gwiwar hannu a jikin giya. Allah ya yafe mini, har tsaki na yi wa mamaci. Mutum ya yi shekara talatin da mota, ya kasa yin aiki ɗaya a miƙe.

Bayan la'asar Inna ta fito da kofin ruwa. Rabonta da ƙofar gida tun ranar rasuwar. Ta zauna a kan dakali tana kallona, na hau kujerar direba zan sake gwadawa.

Ta ce, "Da takalmi ka hau masa mota."

Na ce, "Inna, waya ce ta tsinke, ba takalmi ba."

Ta ce, "Na ji. Amma babanku bai taɓa tayar da ita da takalmi a ƙafarsa ba."

Wannan kowa a gidan ya sani. Baba in ya shiga mota sai ya tuɓe takalmi, ya sunkuya ya tura su can ƙarƙashin kujera, yana bismillah, sannan ya murza makulli. In ya iso, ya sake sunkuyawa ya ɗauko su. Mu yara mun ɗauka tsarin addu'arsa ne, irin na mutanen da. Yaya kuwa cewa yake ƙafar Baba ta fi jin totur in babu takalmi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Don kar in ɓata mata rai na tuɓe silifas ɗina, na sunkuya na tura su. Suka ƙi shiga, akwai abu a ciki. Na zura hannu na jawo. Takalman Baba ne, na fata, dunduniyar hagu ta cinye gefe ɗaya kamar yadda na san ta.

Sai a lokacin na tuna. Ranar da ya faɗi, ya dawo daga Darki ya tsaya a nan gindin darbejiya. Mun same shi a sunkuye, kansa a jikin sitiyari, hannunsa ƙarƙashin kujera. Babu takalmi muka ɗauke shi zuwa asibiti, kuma ba wanda ya sake neman su.

Na mai da hannu inda na ciro su, na laluba. Can ciki, a jikin ƙarfen kujerar, yatsana ya taɓa wani abu mai santsi. Makunnin fitilar ɗaki ne, irin na bango, an ɗaure shi da waya, wayoyi biyu sun fito daga ƙarƙashin leda sun shiga cikinsa. Na danna, ya yi ƙas. Na fita na taɓa kan kwayil, ƙwan ya kama. Babu wayar da ta tsinke, babu ɓera. Maganin ɓarayin mota Baba ya yi wa kansa, ya ɓoye shi a bayan takalmi, ya ɓoye mana mu ma.

Na ɗiga mai kaɗan a kabureta, na yi bismillah na murza. Ta yi tari sau biyu, ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse. Yaya ya fito daga zaure da gudu, ya tsaya. Na nuna masa makunnin. Ya daɗe a durƙushe yana kallo, da ya miƙe abin da ya ce kawai shi ne a duba mata birki kafin a sa ta a hanya. Bai sake ambaton 'yan gwangwan ba.

Inna ta ce, "Shekara talatin ina zama a gefensa, wallahi ban sani ba." Ta ɗan yi dariya, idonta ya cika. Ni ma kuka ne ya zo mini, don na gane abin da hannunsa yake yi ranar da muka same shi. Mun ce takalmi yake nema. Ashe motarsa ya kashe, ya kulle ta yadda ya saba, sannan ƙarfinsa ya ƙare.

Na miƙa mata takalman. Ta goge ƙurar da gefen mayafinta, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙo mini ta ce in mai da su inda ya ajiye su.