Malam Haladu da Layin da Na Goge

Ina tsaye gaban allo ranar Talata da hantsi, alli a hannuna, sai mataimakin shugaban makarantarmu ya leƙo ta taga ya yafito ni. Da na fito bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Malam Nasiru, sai haƙuri. Malam Haladu lokaci ya yi, yanzu aka bugo daga gida." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san yana fama da ciwon ƙirji tun damina, amma ko a makon jiya mun zauna a zaurensa yana yi mini faɗa a kan wata jarrabawa da na tsara. Na koma aji na sallami yara, na hau babur na nufi cikin gari.

Malam Haladu shi ya koya mini lissafi a sakandare a nan Daura, daga baya Allah Ya sa muka koyar a makaranta ɗaya har ya yi ritaya. Mutum ne mai sanyin magana, ga tsantseni kamar me. Ɗalibai sun laƙaba masa Malam Idan, domin ba ka isa ka ba shi amsa tsurarta ba. Kana cewa amsar kaza ce, zai gyara tabarau ya ce, "Idan me?" Ya sha gaya mana cewa, "Lamba ba ta tafiya ita kaɗai, sai da sharaɗinta." Mu kuwa a lokacin dariya muke yi a bayan idonsa, Allah Ya yafe mana.

Bayan ritaya, lokacin da sa'o'insa suka koma zaman majalisa da sauraron rediyo, shi kwamfuta ya saya. Ya duƙufa ya koyi wani tsarin buga lissafi da ake kira Latek. Ba kamar bugun wasiƙa ba ne. Umarni kake rubutawa da haruffa da 'yan alamomi, sannan ka danna, shafi ya fito tsaf kamar na littafin da aka buga a Kano. Ni ma a wajensa na koya, kuma wallahi na sha wuya, don ni mutum ne mai gaggawa, ba na ɓoyewa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sanya magana a cikin lissafi. Injin yana ɗaukar kowane harafi a matsayin alamar lissafi, sai ya karkatar da haruffan, ya haɗiye tazarar da ke tsakanin kalmomi, jimla guda ta cure wuri ɗaya ba ta karantuwa. Dole sai ka sanar da shi da wani umarni na daban cewa wannan magana ce ta mutane. Malam yakan ce, "Inji ba ya jin Hausa, Nasiru. Kai za ka gaya masa inda lissafi ya tsaya, magana ta fara."

Wata shekara aka gayyace shi Baure ya yi wa malaman firamare bita a kan koyar da kashe-kashen lamba, rabi da sulusi da rubu'i. Sai ya ce ba zai kawo misalin lemo da burodi ba, da rabon gado zai koyar, tunda shi ne lissafin da kowane gida yake yi ko ya so ko ya ƙi. Ya rubuta ɗan littafi da hannu, ya kai wa malaman addini suka duba, sannan ya ba ni wasu shafuka in taya shi bugawa. A ciki akwai shafin rabon matar mamaci. Yadda ya tsara shi, wata babbar alama ce mai lanƙwasa kamar baka ta rungumi layi biyu. Na sama: ɗaya bisa huɗu, idan mamacin bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji ba. Na ƙasa: ɗaya bisa takwas, idan ya bari.

To, layin sama ya yi tsawo. Na buga, ya cure. Na gyara, ya zarce gefen takarda. Na sake, injin ya ƙi fitar da shafin gaba ɗaya. Raina ya ɓaci, na ce kai, wa bai san tumunin takaba ba? Tun muna yara haka muke jin ana faɗa, mace tumuni ne rabonta. Na goge alamar, na goge layin sama, na bar ɗaya bisa takwas ita kaɗai, da niyyar in dawo in gyara idan na huce. Ban dawo ba. Malam kuma, da yake ya yarda da ni, nasa shafukan ya bi da jan biro, nawa ya duba sama-sama. Aka kai shagon Madam Nkechi da ke bakin tasha ta buga, aka raba wa malamai a Baure.

Bayan 'yan watanni, muna zaune a zaurensa da la'asar, wayarsa ta yi ƙara. Wani malamin firamare ne daga garin Babban Mutum, Malam Lawal, cikin waɗanda suka halarci bitar. Ina jin muryarsa rangaɗau yana godiya. Ya ce baffansa ya rasu, matarsa ta fita takaba, gobe da safe za a raba gona, kuma littafin Malam ya hutar da su, ga shi a buge, tumuni za a ba ta.

Malam ya ce, "Idan me? Marigayin ya bar ɗa?"

"Ai bai taɓa haihuwa ba, Malam."

Malam ya ce masa yana zuwa. Ya miƙa hannu ya ɗauko littafin, ya buɗe shafin, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa gumi ya gama wanke ni. Tsohuwar da ba ta da ɗa, ba ta da kowa sai wannan gona, rabin haƙƙinta zai tafi saboda na ƙosa da injin. Na buɗe baki zan fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Kunna kwamfutar." A gabansa na mayar da alamar da layin da na goge, ya nuna mini yadda ake karya dogon sharaɗi gida biyu ya zauna daram a cikin shafi. Aikin da bai fi minti biyar ba. Ya sake kiran Malam Lawal ya gaya masa, amma shi ya ce ƙannen marigayin sun riga sun ga takarda, ba za su saurari maganar waya ba. Muka garzaya wajen Madam Nkechi tana shirin rufe shago. Ta dube shi ta ce, "Baba Malam, lafiya kuwa?" Ya ce, "Gyara ne, 'yata." Ta sake kunna janareta ta buga mana.

Washegari muna idar da sallar asuba na goya shi a babur. Hanya ta ba shi wuya, sau biyu muna tsayawa ya huta, amma bai yarda mu juya ba. Mun isa an riga an fita gona, an gama girbi, har an fara ja da igiya ana kafa turaku. Matar, Iya Hansatu, tana zaune can gefe a gindin wata bishiyar gawo da wata maƙwabciyarta.

Babban ƙanen marigayin bai ji daɗin ganinmu ba. Ya ce, "Haba Malam! Jiya takarda ta ce tumuni, yau takarda ta ce rubu'i. Gobe kuma me za ta ce?"

Malam ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Kada ku bi takardata, ta jiya ko ta yau. A kira liman. Littafin nan don koyar da yara na yi shi, ba don a raba gado da shi ba. Kuskuren kuma nawa ne, sunana ne a bangonsa."

Ina tsaye a bayansa ina ta gumi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka kira liman, ya tambaya ko akwai ɗa ko jika, aka ce babu, ya ce rubu'i ne, babu ja. Aka yi ta gunaguni, amma aka tuge turaku aka matsar. A hanyar dawowa na ce, "Malam, me ya sa ba ka ce ni ne ba?" Ya ce, "Da na faɗa, gonar za ta ƙaru ne? Dubi hanya, kada ka zubar da ni." Makon nan kaf ya yi shi yana bin malaman da suka karɓi littafin ɗaya bayan ɗaya, yana ba su sabon shafi su liƙa a kan tsohon. Bai ƙara tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma bai fasa ba ni aikin bugu ba.

Ran sadakar uku ina zaune a ƙofar gidansa ana karɓar gaisuwa, aka ce wata tsohuwa daga Babban Mutum tana neman wanda ya goyo Malam a babur. Na tashi na same ta a soro. Iya Hansatu ce, ta ƙara tsufa, ga ɗan buhun gero a gabanta. Ta ce na gonar ne, a yi wa Malam sadaka da shi. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya. Sai na ji ba zan iya ci gaba da riƙe abin ba. Na ce, "Iya, akwai abin da ba ki sani ba. Ba Malam ne ya yi kuskuren nan ba. Ni ne na goge layin da hannuna."

Ta yi 'yar dariya, ta gyara mayafi. Ta ce, "Ɗan nan, ai tun a gonar na gane. Mai laifi ne kaɗai yake irin wannan gumi da sanyin safiya. Shi ya rufa maka asiri, ni ce zan tona? Ɗauki geron ka kai ciki."

Na ɗauka na kai. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza, amma zuciyata wasai, domin na ga irin rayuwar da Malam ya yi, kuma na gode wa Allah da Ya haɗa ni da shi.

Ya Allah, Malam Haladu bawanKa ne, ya zo gare Ka. Yadda ya tsare haƙƙin wadda ba ta da mai tsaya mata, Ka tsare shi daga azabar kabari. Yadda ya rufa mini asiri a gaban mutane, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka yafe kurakuransa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, Ka albarkaci bayansa. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.