Suwic ɗin Haya

Ni malamar Hausa ce a wata sakandare mai zaman kanta a nan Suleja, kuma injuna ba su taɓa burge ni ba. Amma akwai wani akwati da na koyi sunansa a dole, wai shi suwic. Har yau in na ji an ambace shi sai raina ya ɓaci.

A shekarun nan da jarrabawa ta koma kan kwamfuta, albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, sai na samu aikin sa ido ranakun Asabar a wata cibiyar jarrabawa da ke bayan kasuwa. Mai wurin wani Alhaji ne, ɗan kasuwar taya, wanda ya ji an ce harkar da riba ya mai da tsohon sitonsa zauren kwamfutoci. Kowa Darakta yake ce masa, in ka ce Alhaji kawai sai ya yi kamar bai ji ba. Aikina shi ne in zaunar da mutane a kujerunsu, in hana leƙe, in kira injiniya idan allon wani ya tsaya.

Kiran injiniya kuwa ya fi komai yawa. Kowace kwamfuta tana da waya a bayanta, wayoyin su taru a wani ɗan akwatin roba, shi ne suwic, daga nan su wuce zuwa babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi da amsoshi. Namu ƙanana ne, tsofaffi, kwance aka sayo su daga wani kafe na intanet da ya mutu. An jona wannan a jikin wancan, wancan a jikin na gaba, kamar jerin gwano. Idan na tsakiya ya yi tari, duk na bayansa sun kwanta. Suna yashe a ƙasa a ƙarƙashin tebura, kawunan wayoyin sun karye, an ɗaure su da kyauron roba. Saboda ɗuminsu kyankyasai suka mai da su gida. Ran da injiniya ya buɗe ɗaya a gabana ya zazzage, na bar wurin da gudu, abincin rana ma ban iya ci ba. Wari ne irin na tsohon kabad ɗin kicin da aka manta da daddawa a ciki.

Maƙwabciyata a unguwar Kurmin Sarki wata dattijuwa ce, Kirista daga kudancin Kaduna, muna ce mata Mama. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ta karɓi haihuwar autana kafin mota ta iso, kuma ba a taɓa Kirsimeti ba ta aiko mana da shinkafa ba, da kazar da ta sa mijina ya yanka da hannunsa. Aikinta kula da fayil-fayil a wata ma'aikata a Abuja. Tun kafin gari ya waye take fita bakin titi neman mota, da gwiwarta mai ciwo, ba ta dawowa sai bayan magariba.

Mama ta daɗe a mataki ɗaya. Ritayarta ta kusa, kuma jarrabawar ƙarin girma ta wannan shekarar ita ce ta ƙarshe da za ta riske ta tana aiki. In ta ci, za ta sauka a mataki na gaba, a kansa za a yanke mata fansho har ƙarshen ranta. In ba ta ci ba, shi ke nan. Aikin ta san shi kamar yunwar cikinta, kwamfutar da za a yi jarrabawar a kanta ce ke ba ta tsoro.

“Malama,” in ji ta, “ni wannan kwamfuta ba na gane kansa fa. Ina tsoro in taɓa wani abu ya lalace.”

Sai na riƙa aro laftof ɗin makaranta ina kawo mata. Takan riƙe maus, ɗan linzamin kwamfutar, kamar ta kama ɗan tsako, ta danna a hankali ta janye hannu da sauri. Ina yi mata dariya, tana ce mini ja'ira. Kafin wata biyu hannunta ya faɗa.

Ana cikin haka aka ce masu duba cibiyoyi za su zo daga Abuja, su ga ko wurinmu ya isa a ba shi jarrabawar ma'aikata. Na shiga zauren ana gobe za su zo, na kusa komawa da baya don na ɗauka ɓatan kai na yi. An share, an goge, babu waya ko ɗaya a ƙasa. A kusurwa ga wata doguwar durowar ƙarfe mai ƙofar gilashi, cikinta manyan suwic baƙaƙe masu sheƙi, fitilu koraye suna ta ƙyafta ido. Wani mutum mai tumbi da rigar kamfani yana tsaye yana ɗaure wayoyi shuɗɗa tsaf-tsaf kamar kitson amarya.

Na tambaye shi bambancinsu da namu. Ya kalle ni da jin daɗin wanda ya samu mai saurare.

“Hajiya, ai ba haɗi. Wannan kowace kwamfuta da bakinta. Ɗaya ta samu matsala, ita kaɗai ce, sauran ko a jikinsu. Daga kan kujerata zan ga wace ce, ba sai na rarrafa ƙarƙashin tebur ba. Wajen shan wutarsa biyu ne, ɗaya ya ƙone ɗaya ya ɗauka. Zafi ba ya kashe shi. Ki cika zauren nan maƙil, ba zai ce miki uffan ba.”

Raina ya yi fari. Na ce ashe Darakta yana da zuciya a ƙirji. Masu dubawa suka zo washegari, suka ɗauki hoton durowar, suka sha lemo, suka sa hannu. Da takarda ta fito aka ga an tura Mama cibiyarmu, har guɗa na yi mata ta kan katanga. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, da idona na ga sababbin kaya.

Ranar jarrabawa na shiga da safe, kusurwar nan wayam. Sai sawun ƙafafun durowar a kan siminti. Tsofaffin akwatunan roba sun koma mazauninsu a ƙarƙashin tebura, da kyauronsu da komai. Na nemi injiniyanmu na ce ina kayan. Ko kallona bai yi ba.

“Na haya ne ai, Anti. Yini biyu aka biya. Yanzu haka suna wata cibiya a garin Tafa, can ma za a je dubawa.”

Haya! Yadda ake hayar rumfa da kujerun biki. Ashe mai tumbin nan sana'arsa ke nan, kaya ɗaya yake yawo da su cibiya-cibiya a bayan a-kori-kura, yana riga masu dubawa isa da kwana guda. Kuma kowa ya sani, daga mai gadi har mai shara, ni kaɗai ce baƙuwar zancen. Na taɓa ganin an ari sarƙa don zuwa suna, an ari takalmi don zuwa neman aiki, ban ga laifin kowa ba. Wannan kuwa ƙazanta ce, ba ta da wani suna.

Lokaci ya ƙure, mutane sun fara shigowa. Manya ne masu furfura, wasu da tabarau biyu, suna riƙe da takardunsu kamar 'yan firamare. Kujerar Mama ta faɗo a tsakiyar layi na uku, daidai inda ɗaya daga cikin akwatunan yake. Na san shi sarai. Shi ne wanda ke sumewa duk ranar da rana ta take, injiniya ya zo ya cire masa wuta ya hura masa iska da kwali. Na roƙi a sauya mata wuri, jami'in da ya zo daga Abuja ya ce lamba ce, ba a taɓa ta.

Aka fara. Ina kallonta daga nesa, tana karantawa da leɓe, tana dannawa, har ta ɗan gyaɗa kai. Zauren ya cika, fanka tana juya zafi kawai. An ci fiye da rabin lokaci sai ta miƙe ƙafarta mai ciwo, abin da duk mai ciwon gwiwa zai yi. A daidai nan allonta ya tsaya. Na kusa da ita ya tsaya, layin gaba ɗaya, da layi biyu na bayansu.

Wani mai jar hula ya daka tsawa: “Matar nan ce! Na ga ta shuri waya!”

Shi ke nan, zauren ya ɗauka. Mutanen da ba su ga komai ba suna nuna ta da yatsa. Wata ma ta ce irin waɗannan tsofaffin ya kamata su zauna gida su yi reno. Mama ta miƙe tsaye, hannuwanta a kan ƙirji, tana cewa, “Wayyo, ku yi haƙuri, ban sani ba.”

Darakta ya shigo da babbar riga yana baza turare. Faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Ka'idar ita ce, in matsala daga cibiya ce, a sake wa kowa jarrabawa, a kuma binciki cibiyar. In kuwa wani ne ya taɓa kaya, a sake wa sauran, shi a soke tasa. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin teburin, ya ɗago yana girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, akwatin nan kullum sai ya mutu. Ko makon jiya ya mutu, babu kowa a kujerar.” Na juya wurin jami'in na ce ya tambayi ina kayan da aka ɗauki hotonsu. Haushi ya riga ya cika ni.

Jami'in ya ce shi jarrabawa ya zo yi, dubawa aikin wani sashe ne, kuma takarda ta nuna cibiyar ta cika sharuɗɗa. Darakta ya yi murmushi ya ce, “Malama, ke da Hausa kika karanta, ina ke ina zancen netwok?” Aka yi dariya. Injiniya, wanda ya fi kowa sanin gaskiya, ya duƙufa yana hura akwatin da kwali, bai ɗago ba. Sauran aka ce su jira rukunin yamma. Mama aka rubuta lambarta, aka ce ta tafi.

Abin da ya fi ci mini rai a bakin ƙofa ya faru. Mama ta tsaya ta jira Darakta ya fito, ta rusuna masa da wannan gwiwar, ta ce ya yafe mata ɓarnar da ta yi masa, in akwai abin da ya lalace za ta biya. Matar da ta girme shi. Shi kuma ya tsaya ya karɓa. Ya ce, “Ba komai, Madam, a dai riƙa kula.” Ya shige motarsa.

Ban sake taka cibiyar ba, su ma ba su neme ni ba. Da yamma na shiga gidan Mama na same ta tana tsince wake a faranti. Na zauna na warware mata komai, hayar, da Tafa, da kyankyasan, da kwalin fifita. Na ce ko da ta naɗe ƙafafunta ta ɗora a ka, akwatin nan sai ya mutu. Na ce mu rubuta ƙorafi, ni zan tsaya shaida.

Ta saurare ni har na gama, ba ta daina tsintar wakenta ba. Sannan ta dafa hannuna.

“Malama, na san kina so na, shi ya sa kike faɗan haka. Amma ni na ji lokacin da ƙafana ya taɓa shi. Mutane masu yawa haka ba za su yi ƙarya ba. Kin koya mini da kyau, ni ne ban iya zama ba.”

Ta yi ritaya a matakinta na da. Har yau in ta shiga banki ko asibiti ta ga tebur mai kwamfuta, sai ta tattare zaninta, ta haɗe ƙafafunta wuri guda, ta zauna a ɗofane.