Neman Rezo a Tudun Samnu

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Tayuri, ni da ɗana mai hawan ƙarfen rezo, wato sabis ɗin waya, a motar kai taki garin Samnu, neman inda waya za ta kama. 'Yata ta haihu a Damagaram, ranar suna ke nan, ban ga jaririyar ba. Surukar 'yata kuwa tana unguwar Hajara kan kujera mai laushi, tana kallon jaririyar a waya, kullum sai ta aiko mini: "Yau na ga ta yi hamma." Hamma! Ni da na haifi uwar, ko yatsa ban gani ba.

A hanya ɗana ya ce ƙarfen nan rabo yake yi, kowace waya da lokacinta, kamar mai raba tuwo a gidan biki. Tayuri mun yi yawa, wayoyi na take wa juna murya. Wai akwai sabon samfuri a wasu ƙasashe mai haska kowa shi kaɗai kamar tocila, amma ganyen dabino ma yana tare shi. Na ce, "To a Hajara mutum biyu kaɗai ke da waya ne?" Direba ya yi dariya har ya kusa zubar da shayinsa.

Samnu kore shar. Dabino, albasa, ruwa na gudu a lambu. Aka ba mu burodi da kifin tuna, barkonon ya sa ni hawaye. Sai dai Juma'a ce, 'yan aikin lambu duk sun hau tudu guda suna kiran gida, kowa hannu sama. Da na kira 'yata, hoto ya daskare mini a kan silin ɗakinta.

Na gyara mayafi, na daka tsawa: "'Ya'yana, kowa ya kashe! Ɗaya bayan ɗaya, babba ne farko." Wani ya ce, "Inna, ke ce kamfanin?" Na ce yau dai ni ce. Suka kashe.

Sai ga jaririyar, ja wur, tana barci. A gefen hoton kuma ga fuskar waccan matar ta Hajara, ta riga ni shiga. Ta ce, "Sannu da hanya, Hajiya." Na amsa da kyar.

Mun dawo bayan la'asar, ƙafafu a kumbure. Na gane rezo ba ya sanin girma sai an nuna masa. Ita ta riga ni gani, na yarda. Amma na duba da kyau, kunnuwan yarinyar irin nawa ne.