Tulu Tara na Baƙar Subiya

Tulu tara na baƙar subiya, abin sha na sha'ir da zabibi da kirfa, su ne duk abin da na mallaka a azumin da ya faɗo cikin sanyi, shekarar da na buɗe rumfa a unguwar Misfala ta Makka. Jiya ƙamshin kirfa ya buge ni a wani shago, sai na tuna da gwaggona.

Subiya in ta wuce lokacinta takan juye ta zama abin maye, kuma a Makka wannan ya isa a rufe maka rumfa. Maƙwabtana suka kurɓa bayan magariba suna ta “Ya salam!” Na san su sarai. Ko ruwan wanki ka ba su kyauta, za su yaba.

Gwaggo ta zo da ɗan kofinta. Takan shinshina, ta ɗiga a harshe, ta tofar, ta kurkure baki kafin tulu na gaba. A na huɗu ta yatsine fuska.

“Wa ya jera waɗannan kusa da murhu?”

“Ni ne, Gwaggo. Sanyi ake, na ji tsoron kada ta ƙi tashi.”

“Ta tashi har ta wuce ka, sakarai. Ba mu ratso Sudan da ƙafa don mu shayar da masu azumi giya ba.”

Shida ta sa na tuttular a kwata, tana tsaye a kaina. Uku na sayar.

Na rasa tulu shida, rumfata kuwa tana nan har yau. Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara, Gwaggo.