Gorar da aka miƙo mini bayan Tsarnawa

Mutanen Konni sun daɗe da yanke mana hukunci: mahaukata ne mu. Magidanta da iyali, mu matse jikinmu cikin ɗan wandon da ko yaro zai ji kunyar sawa, mu duƙa kan keke muna haki zuwa garin da ba mu da wani sha'ani a cikinsa. Matata kan ce da a ce ina taka keken ɗinkina yadda nake taka na tsere, da tuni mun yi bene. Ni tela ne, kuma a kulob ɗinmu na 'yan tseren keke ni ne babba a cikin masu hawa.

Wanda bai taɓa tsere ba yana zaton da ƙafa ake yin faɗan. Da iska ake yi. Na gaba shi ke sara iska, na bayansa kuwa a laɓe yake, yana hutawa. Shi ya sa ake karɓa-karɓa: ka ja, ka kauce, wani ya ja. Shekaru na yi ina wannan jan. Na kai mutane da yawa bakin layi, su wuce a tafa musu, ni in iso daga baya harshe a waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban taɓa cin tsere ba ko sau ɗaya, kuma abin yana cina, ko da yake ba na faɗa.

Muna da wata al'ada da muka gada daga waɗanda suka kafa kulob ɗin. In ƙarfinka ya ƙare ba ka iya karɓar naka jan, sai ka zare gorar ruwanka ka miƙa wa wanda ke janka. Ma'anarta, ka sha ruwana, ka kai ni gida, ba ni wuce ka. Babu inda aka rubuta wannan. Amma wanda ya ba da gora ya ba da tsere, kowa ya sani.

A shekarar da gwiwata ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, na gaya wa 'yan kulob cewa tseren Malbaza, garin kamfanin siminti, shi ne damata ta ƙarshe. Wanda ya ci a cikinmu shi ne zai sa rigar kulob ya wakilce mu a babban tseren Tahoua. Shugabanmu, wani Alhaji mai sayar da albasa, ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "Bana taka ce. Kowa ya taimaka mashi." Aka ce amin. Na koma gida ina murmushi ni kaɗai kamar sabon ango.

Ranar tseren jandarma suka tare mana motocin siminti, muka tashi daga Konni iskar gabas na dukanmu a fuska. Da muka wuce Tsarnawa na ga jama'a sun fara sanyi, sai na danna. Da na waiwaya, mutum ɗaya ne ya biyo ni: wani ɗan kulob ɗinmu mai aiki a kamfanin siminti, wanda ni na koya wa zama a bayan taya. A gidana yakan ci tuwo in mun dawo daga hanyar Badaguishiri. Yaya yake ce mini, ni kuma ƙanena nake ce masa, har yarana suna kiransa baba ƙarami. Na ji daɗi da na ga shi ne.

Ya karɓi ja sau kaɗan, sai ya fara girgiza kai. Ya matso gefena ya ce, "Yaya, ƙahwata ta ɗaure. Ba ni iyawa." Sannan ya zare gorarsa ya miƙo.

Na karɓa. Na ce, "Laɓe bayana, ƙanena, kada ka saki."

Daga nan har muka hango bututun kamfanin siminti ni kaɗai na sari iskar nan. Gwiwata na kuka, ina ce mata ta yi haƙuri yau kaɗai. Wani Bafulatani da ke jiran mu wuce ya tsallaka da shanunsa ya ɗaga mana sanda. Na ma riƙa rage gudu a hawa don kada in yar da ƙanena a hanya. Ina ta lissafin yadda zai yi kyau a ce kulob ɗinmu ne na ɗaya da na biyu.

Muka shiga Malbaza, mutane cike da bakin kwalta suna ihu. Na ga layin, na ga ƙyallen da aka ɗaura. Wallahi har na fara sassauta hannu don in ɗaga shi sama, abin da na sha gwadawa a daji inda babu mai gani. Sai na ji sarƙa ta yi ƙara a bayana. Ya fito ta hagu, a tsaye kan feda, da ƙafar nan da aka ce ta ɗaure. Ya wuce ni kamar an kafe ni a wurin. Bai dube ni ba.

Na jingina keke da bango ina kallon 'yan kulob ɗinmu suna ɗaga shi sama. Na yi ta jiran wani ya ce kai, ai ya ba da gora, duk wanda ke cikin motar rakiyar da ta biyo mu a baya ya gani. Ba wanda ya ce. Duk wanda muka haɗa ido da shi sai ya sami abin dubawa a tayarsa.

Washegari na rufe shago na tafi rumfar Alhaji. Na tabbata zai hukunta shi, don shi ne ya fi kowa yi mana wa'azin amana. Ya sa aka kawo mini shayi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi iyali. Da na gama zuba masa ƙarata, ya daɗe yana juya wata albasa a hannu.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Kada ka riƙe shi a rai, ba shi da laifi. Mu munka sa shi."

Na ce, "Ku wa?"

"Mu duka. Ranar nan da munka ce amin, mun zamna bayan tahiyarka. Tahoua ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne, kai ma ka sani. Shi kau ba shi iya kai Malbaza gaba in ba wani ya ja shi ba, kuma babu mai ja irinka."

Na ce to me ya hana su gaya mini? Ai da sun roƙe ni, da na ja shi, kamar yadda na ja na gabansa. Me ya kawo gora cikin maganar?

Alhaji ya ajiye albasar. Ya ce, "Mun ji tsoron bana ka ƙiya. Amma gora, mun san kai ba ka taɓa maida ta ba."