Ɗigon da ke Kusurwar Allo

Ordinata, wato kwamfuta, huɗu ne a lakwal ɗinmu na Dungas, mu kuma mun cika aji. Da muka shiga sabon zango, Mushe, malamin da ke koya mana ita, ya ce waɗanda suka yi nisa a manhajar koyon buga rubutu su kaɗai za su ci gaba da shiga ɗakin. Sauran sai baɗi. Ni ko baɗi ban san ko ina lakwal ba.

Manhajar tana da hanya biyu ta buɗewa. Ko a danna hotonta a kan allo, ko a buɗe ta daga kilen Mushe, ɗan abin ajiyar nan da yake ratayawa tare da makullin babur. Ƙawata da muke zama tare ita ke riƙe suri, wato linzamin ordinata, kuma kullum ta kile take buɗewa, wai ta fi sauri. Na lura in ta nan aka shiga, wani ɗigo ruwan ganye yana fitowa a kusurwa. In ta allo ne, babu shi. Ban taɓa tambaya ba.

Ranar dubawa ƙawata ba ta zo ba, an tafi da ita Kwaya jana'iza. Mushe ya danna hoton allo, ya nemi sunana. Manhajar ta nuna ina matakin farko.

"Ke, ashe zaman ɗumama benci kike yi?"

Aji ya yi dariya. Na duba kusurwa, ba ɗigo. Har ya kira mai bi mini.

"Mushe," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji. "Ɗigon babu."

"Wane ɗigo kuma?"

Na nuna kusurwar, na nuna aljihunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya zaro makullan.

"Da kile kuke buɗewa? Ai manhajar tana sanin inda aka tashe ta, can take ajiye aiki. Allah ya sa ban share ba, jiya na zuba hotunan bikin suna a ciki."

Ya soka. Injin ya yi ta nishi, ni ina kallon lakar da ta bushe a takalminsa. Sai na ji ya ce wa mai bi mini ta dakata. Na ɗaga kai, ga ɗigon a kusurwa, ga aikina duk ya fito.

"Zo nan, ƴar shiru. Zauna ki buga in gani da idona."

Na ja kujera, na fara.