Aguwar da Baffa ya roƙa

Har yau danginmu cewa suke rashin kunyata ce ta sa Baffa ya daina shigowa gidanmu. Ba haka ba ne. Aguwa ce ta kore shi, kuma da ƙafarsa ya zo ya ɗauke ta.

Shekarun baya, ina gama lakwal, wato makaranta, na kama shuka aguwa a manyan gwangwanayen tumatir a tsakar gidanmu a Konni. Eh, aguwar nan da ake shinge da ita. Ni sonta nake don ba ta da fitina irin tawa. Ka yanko reshe, ka bar farin ruwan ya bushe, ka huda gindin gwangwani, ka zuba rairayi, ka soka. Ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau, in ka cika mata shi ruɓewa take. Ka dai kiyaye idonka da farin ruwan. Wasu sun shekara da shekaru a hannuna har gindinsu ya yi kauri.

Ba wanda ya kai Baffa, ƙanen mahaifina, yi mini dariya. Duk ya shigo sai ya ce, “’Yar boko, abin da muke tare awaki da shi kike wa wanka? Saura ki ɗaura mata kallabi.”

Bayan rasuwar mahaifina, gab da damina, sai ga shi da fara'a. Ya tsuguna gaban gwangwanayen yana shafa su.

“Ɗiyata, ashe kyau gare su. Ba ni manyan nan in ƙawata ƙofar gida.”

Na ce, “Baffa, ga ƙanana, sun fi saurin kamawa.”

“A'a, masu kaurin nike so.”

Nan jikina ya ba ni. Mutumin da aguwa ta kewaye garinsu, me zai yi da tawa? Kuma me ya sa sai tsofaffi? Na buɗe baki zan ce a'a, mahaifiyata ta watso mini harara daga bakin murhu. Ina kallo ya ɗaure su a bayan babur.

Da ya fita na ce, “Inna, mutumin nan da abin da ya ƙulla.”

Ta ce, “Ke kowa ɓarawo ne a wurinki. Ubanki ne fa.”

Ban iya haƙuri ba, dama ban taɓa iyawa ba. Ranar kasuwa na hau mota zuwa Bazaga, garinsu Baffa, da sunan gaisuwa. Ƙofar gidansa ko tsinke babu. Na wuce gonarmu, wadda geronta ke ciyar da mu, kuma iyakarta ɗaya da tasa. Aguwar da mahaifina ya kafa a kan iyaka babu ita. Ga nawa can sun shigo cikin gonarmu sosai, an datse kawunansu, an turbuɗe gindinsu, sai ka rantse tun zamanin kaka suke nan.

Na ja Inna har gaban mai gari, tana tafe tana roƙona in rufa mata asiri. Aka ɗunguma gona. Baffa ya ce, “Ku dubi kaurinsu. Wannan shukar bana ce? Yarinya ce ba ta da kunya.”

Na naɗe hannuna da mayafi, na kama ɗaya na fizgo. Ta fito salin-alin, saiwarta a nannaɗe, dunƙule guda, daidai cikin gwangwani, har da tsatsa a jiki. Mai gari ya juya ta a hannu ya ce, “Malam, ƙasar Bazaga ba ta naɗa saiwa haka.” Ya sa aka tona inda Inna ta nuna, aka tarar da kututturan tsohuwar aguwar.

Gona ta dawo, Baffa bai dawo ba. Inna ta ɗauki lokaci tana amsa gaisuwata a ciki, ko da yake geron ba ta ƙi ci ba. Ni kuwa har yau in aka yabi shukata sai na dubi mai yabon sau biyu, kuma na san ba hali ne mai kyau ba.

Yanzu duk wanda ya roƙa, reshe nake yanka masa, mai saiwa ba ta fita gidan nan. Waɗanda suka yi kauri kuwa, ruwan bana na sauka zan kwashe su zuwa Bazaga, in jera su da hannuna a iyakar gonarmu, tun daga wannan kusurwa har waccan.